Ranar Wanka Ba a Ɓoyon Cibi: Magana Kan Hoton Ƙaramin Ciki

"An yi hoto, ba a ga komai ba." A cikin maganganun da mai ƙaramin ciki kan dawo da su gida daga ɗakin sikanin, babu wadda ta kai wannan haɗari, kuma babu wadda ake karɓa da kwanciyar hankali kamarta. Mace ta yi ɓatan wata, gwajin fitsari ya nuna ciki, sai mara ta fara murɗa mata ta gefe ɗaya, ko ta ga ɗigon jini a zani. A kai ta shagon hoto, a ba ta ledar ruwa biyu ko uku ta shanye, a shafa mata man nan mai sanyi, a goga na'ura a kan mararta na 'yan mintoci, a miƙo takarda. Uwar miji ta ce ai dama cikin kwanciya ya yi. Maigida ya ce tunda ba a ga komai ba, to babu komai. Mai kemis ya haɗa maganin sanyi da na ulsa. Kowa ya kama gabansa.

Amma fa gwaji ya ce akwai ciki, hoto kuma ya ce bai gan shi a mahaifa ba. To ina yake? Amsa uku ce kawai. Ko dai yana cikin mahaifa, ƙanƙantarsa ta sa na'urar ta kasa hango shi daga kan mara. Ko ya riga ya zube. Ko kuma yana zaune a wajen mahaifa, yana girma a inda zai iya kashe uwarsa. Takardar da ba ta bambance waɗannan uku ba, ba ta gama aikinta ba, komai kyawun hatimin da ke kanta.

Matsayina a fili yake. Mace mai ciki ɗan mako biyar zuwa takwas, wadda ke fama da ciwon mara ko zubar jini, hoton da ya dace da ita shi ne wanda ake yi ta gaba, wato a shigar da siririn kan na'ura cikin farji. Hoton kan mara a wannan lokaci sau da yawa rabin aiki ne. Kuma abin da ke hana matanmu samun cikakken aikin ya haɗa da tsoron da ba shi da tushe, da kishin da aka ajiye ba a muhallinsa ba, da kuma, wanda ya fi ɓata mini rai, masu hoton da suka san iyakar na'urarsu suka yi shiru suka karɓi kuɗi.

Sai an fahimci yadda na'urar take gani kafin a gane dalili. Sikanin ba shi da hasken nan na hoton ƙashi. Amo yake aikawa, irin wanda kunnen mutum ba ya ji, ya bugi naman jiki ya dawo kamar amsa-kuwwa, kwamfuta ta mayar da abin da ya dawo hoto. Tun 1958, lokacin da Farfesa Ian Donald da abokan aikinsa a birnin Gilasgo suka wallafa sakamakon gwajinsu a mujallar Lancet, ƙa'idar ba ta sauya ba. Amo mai kauri yana cin nisa, kamar yadda ake jin tambari daga bayan gari, sai dai hotonsa dishi-dishi ne. Siririn amo yana fito da ƙananan abubuwa tar, amma ba ya tafiya da nisa. Kan na'urar da ake gogawa a mara dole ya yi aiki da mai kaurin, wanda ke kaɗawa kamar sau miliyan 3 zuwa 5 a daƙiƙa, domin tafiyar da ke gabansa doguwa ce: fata, kitse, tsoka, ga hanji cike da iska, iska kuwa tana tare amo. Shi ya sa ake cika mace da ruwa, don mafitsara ta kumbura ta ture hanji gefe, ta zama taga. Na gaba kuwa yana aiki da siririn amo, mai kaɗawa kamar sau miliyan 5 zuwa 9, saboda tsakaninsa da mahaifa da hanyoyin ƙwai 'yan santimita ne.

A makonnin farko mahaifa ba ta fi ƙaramin mangwaro ba, tana lafe a bayan ƙashin mara, ba ta leƙowa sama sai wajen mako 12. Abin da ake nema a cikinta kuma ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A mako na biyar jakar cikin ba ta wuce ƙwayar dawa ba. A mako na shida ɗan tayin bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. A na bakwai ya kusa ƙwayar wake. Da hoton gaba ana iya ganin jakar tun wajen mako biyar, a ga ɗan farin zoben da ke ciyar da ɗan tayi a wajen mako biyar da rabi, a ga bugun zuciya a wajen mako shida. Da hoton mara, kowane ɗaya daga cikinsu sai an ƙara kamar mako guda kafin ya bayyana. Idan mace mai jiki ce, ko mahaifarta ta karkata baya, abin da ake samu a kusan mace ɗaya cikin biyar kuma ba cuta ba ne, jinkirin ya fi haka.

A lura kuma, likitoci daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe suke fara ƙidaya. Mai ciki ɗan mako biyar, mako ɗaya kacal ta yi da ɓatan wata. Matanmu da yawa kuwa ba su riƙe ranar ba. Wata za ta ce "bayan ƙaramar Sallah ne", wata kuma tana shayarwa ta samu cikin, ba ta ma ga al'ada ba balle ta ƙirga. Wannan kuskuren lissafi shi kaɗai ya isa ya sa a nemi bugun zuciya a cikin da bai kai lokacin bugawa ba.

Wani zai ce, to mako ɗaya har wani abu ne? A jira mana. Ga mace mai lafiya, wadda ba ta jin komai, haka ne, a jira. Ga wadda cikinta ke wajen mahaifa, mako ɗaya shi ne tazarar da ke tsakanin allura da wuƙa.

Kusan ciki ɗaya zuwa biyu a cikin ɗari kan zauna a wajen mahaifa, kuma fiye da tara cikin goma na irinsu a hanyar ƙwai suke tsayawa, wato siririn bututun nan da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Mahaifa an halitta ta don ta buɗe ta ɗauki ɗa mai kilo uku. Bututun nan ba a yi shi don haka ba. Cikin zai yi ta girma yana cin bangonsa har ya fashe, jini ya riƙa kwarara a cikin ciki inda ido ba ya gani. A waje ɗigo kaɗan ne, wani lokaci ma babu. Mace za ta ce jiri take ji, ko kafaɗarta na ciwo (jinin ne ya taru ya taɓa tantanin da ya raba ƙirji da ciki), ko ta yi ta zawo har a ce taifot ce. Kafin a farga ta yanke jiki ta faɗi. Wannan yana sahun gaba a cikin abubuwan da ke kashe mata a watanni ukun farko na ciki. Kuma muna magana ne a ƙasar da, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, ta ɗauki sama da kashi ɗaya cikin huɗu na dukkan matan da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa. Ba mu da rarar matan da za mu yi caca da su.

Idan an gano shi da wuri, kafin ya fashe, yana ƙarami kuma babu bugun zuciya, sau da yawa allurar metotireksat kan isa ta tsayar da shi, jiki ya shanye shi a hankali ana bibiya da gwajin jini. Ko da tiyata za a yi, za a yi ta cikin natsuwa, da rana, an shirya. Idan kuwa an bari ya fashe, sai a tsaga ciki cikin gaggawa, galibi a cire bututun gaba ɗaya, 'yan uwa su bazama tsakar dare neman wanda jininsa ya dace. Wannan ga wadda ta isa asibitin da ke da ɗakin tiyata da ranta ke nan.

Akwai lissafin da ke nuna girman bambancin. Sinadarin da gwajin fitsari ke ganowa, wanda ake kira hCG, ana iya auna yawansa a jini. A 1981 masu bincike a Amurka suka nuna cewa da hoton mara sai adadinsa ya kai wajen 6,000 zuwa 6,500 kafin a sa ran ganin jakar ciki a mahaifa. Da hoton gaba ya yaɗu daga shekarun 1980, adadin ya sauko zuwa wajen 1,500 zuwa 2,000, ko da yake masu taka-tsantsan kan jira har 3,500 kafin su yanke hukunci. Wato hoton gaba yana fara ba da amsa kwanaki da dama kafin na mara ya buɗe baki. A wuraren da auna adadin sinadarin a jini ke da tsada ko wuyar samu, kamar yawancin garuruwanmu, nauyin ya ƙara komawa kan hoton. Ga kuma wani tarko: mai ciki a wajen mahaifa, wani lokaci ɗan ruwa kan taru mata a cikin mahaifar ya yi kama da jakar ciki. Daga kan mara, mai hoton da bai ƙware ba zai ce ga ciki nan lafiya lau, ya sallame ta da murmushi. Sai an matso kusa ake ganin cewa babu zobe, babu ɗan tayi, ga kuma ƙullutu can gefe kusa da ƙwai.

Wannan ɓangare ɗaya ke nan. Ɗaya ɓangaren ba a cika maganarsa ba, domin wanda aka zalunta a cikinsa ba ya kai ƙara.

Mace ta ga jini, an yi hoton mara, an ga jaka amma ba a ga bugun zuciya ba. Mai hoto ya rubuta cewa ciki ya lalace. Kafin la'asar an yi mata wankin ciki, ko an ba ta ƙwayoyin da za su fitar da shi. Ta yi kukanta, an ce ta yi haƙuri, Allah Ya kawo mai albarka. Babu wanda zai taɓa sanin ko cikin nan lafiyarsa ƙalau, ƙanƙanta ce kawai ta ɓoye shi. A tuna, kusan mace ɗaya cikin huɗu kan ga jini a farkon ciki, kuma da yawansu suna haihuwa lafiya. Jini shi kaɗai ba hukunci ba ne.

Ba mu kaɗai wannan kuskure ya taɓa ba. A 2011 aka wallafa binciken da ya nuna cewa ma'aunin da asibitocin Birtaniya ke amfani da shi wajen cewa ciki ya mutu zai iya haɗawa da cikin da ke raye. Suka ɗaga ma'aunin, masana a Amurka ma suka bi sahu a 2013. Ƙa'idar yanzu ita ce, da hoton gaba, ba a cewa ciki ya lalace sai tsawon ɗan tayi ya kai milimita 7 babu bugun zuciya, ko faɗin jakar ya kai milimita 25 babu komai a ciki. In bai kai haka ba, a jira aƙalla kwana 7 a sake. Hukumar NICE, wadda ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ƙara da cewa idan da hoton mara aka duba ba a ga bugun ba, sai an jira aƙalla kwana 14 an sake kafin a yanke hukunci. Ku duba da kyau. Ƙasar da ke da sababbin na'urori da ƙwararrun ma'aikata ta ƙi amincewa da kallo ɗaya daga kan mara. Mu kuma, da tsohuwar na'urar da aka sayo ta hannu, a hannun wanda wani sa'in horon 'yan makonni ya samu, muna yanke wa ɗan tayi hukunci a zama ɗaya. Wace irin ƙarfin hali ce wannan?

Idan mace ba ta zubar da jini mai yawa, ba ta da zazzaɓi, ba ta galabaita ba, jiran mako ɗaya ko biyu ba zai cutar da ita ba. Cikin da ya mutu ba zai tashi ba don an jira shi. Cikin da aka wanke da rai kuwa ba ya dawowa.

To me ya sa ake gudun hoton gaba?

Na farko, tsoro. Ana cewa zai taɓa ɗan, ko ya buɗe mahaifa, ko ya jawo ɓari. Kan na'urar bai fi kaurin yatsu biyu ba, kuma ɗan sashensa kaɗai ke shiga. A cikin farji yake tsayawa. Bakin mahaifa a rufe yake, ɗan tayi yana can bayansa, na'urar ba ta ƙetare wannan ƙofa. Kusan shekara arba'in ke nan ana yin sa a duniya, ba a same shi da haddasa ɓari ba, ko ga mai zubar jini. Wanda ke shakka ya leƙa asibitocin dashen ƙwai, inda ma'aurata ke zuba miliyoyi bayan shekaru suna jiran haihuwa. Da wannan na'urar ake duba cikinsu tun makonnin farko. Da tana zubar da ciki, su ne za su fara jefar da ita. Abin da ke faruwa shi ne, mace ta zo da jini domin cikin ya riga ya fara lalacewa, a yi mata hoto, kwana biyu ya fita, sai a ce hoton ne. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga tangarɗar halittar ɗan tayin ne tun ranar da aka samu cikin, ba daga ɗaukar tulu ba, ba daga kishiya ba, ba daga na'ura ba.

Na biyu, kunya. Ita ba zan raina ta ba. Macen da ta girma tana suturce jikinta, ba ƙaramin abu ba ne a ce ta kwanta a gaban baƙo, kuma duk ma'aikacin da ya yi mata tsawa a kan haka bai san aikinsa ba. Sai dai 'yar uwa, ki yi wa kanki wannan tambaya: cikin nan da kike ɗauke da shi, ta ina za a karɓi haihuwarsa? Ranar naƙuda ungozoma za ta duba ki fiye da sau ɗaya, kuma ba za ki ce a'a ba. Idan kuma bututu ya fashe, a sume za a shiga da ke ɗakin tiyata, wanda ke bakin aiki shi zai yi, mace ko namiji, babu mai tambayar ra'ayinki. Duba na minti goma a lulluɓe da zani, kina farke, kina da ikon cewa a tsaya, ya fi kusa da suturar da kike karewa. Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na uku, maigida. Nan zan ɗan tsaya. Akwai mazan da likita zai yi musu bayani dalla-dalla, su saurara, su ce "ban yarda ba", su ja matar su tafi, ita ko bakinta ba a ji ba. Malam, kishin iyali abin yabo ne, amma me kake karewa idan wadda kake kishin tana zubar da jini ta ciki? Malamanmu sun daɗe da bayanin hukuncin larura a wajen neman magani, har da halaccin namiji ya duba mace idan babu macen da za ta yi. Je ka tambaye su. Kana da damar ka nemi mace ta yi hoton, ka nemi a sa nas ta tsaya a ɗakin, ka tambayi dalilin da ya sa na mara bai wadatar ba. Duk waɗannan haƙƙinku ne. Abin da ba ka da shi shi ne ka mayar da ita gida da tambayar da ba a amsa ba, ka tafi kasuwa, ka bar ta da yara da ciwon gefe. Jikin nata ne, kuma in abin ya ɓaci ita za a ɗauka a kwance.

Amma in za a yi adalci, kaso mafi girma na laifin yana wuyan masu aikin. Wurare da yawa da ke rataye allon sikanin ba su da kan na'urar gaba, domin sayensa daban ne kuma da tsada. Rashin ba laifi ba ne. Laifin shi ne a ƙi faɗa. Mai gaskiya zai ce, "Hajiya, abin da nake da shi ba zai amsa tambayarki ba, je ki wuri kaza yau ɗin nan." Maimakon haka sai a rubuta layi biyu da gajerun kalmomin Turanci, a ce ta dawo bayan wata guda. Wasu kuma suna da na'urar tana kwance a aljihun tebur, ba sa ambatonta, wai sun san "mutanenmu ba za su yarda ba". Wa ya tambaye su? An yanke wa mace hukunci a madadinta, an kira shi girmama al'ada.

Inda ake yin hoton ma, yadda ake yin sa shi ke korar mata. Ƙofa a buɗe, labule ya yage, ɗalibai sun yi cirko-cirko, wani yana shigowa neman caja. Babu wanda ya gaya mata abin da za a yi sai ta ga an ɗauko abu. Macen da aka yi wa haka za ta gaya wa ƙawayenta goma a gidan suna, goman nan kuma ba za su yarda ba ko da ransu na kan layi. Tsarin da ya dace ba boyayye ba ne. A yi mata bayani da harshen da take ji, a nemi yardarta a fili. A bar ta ta je ta yi fitsari, domin wannan hoton da mafitsara babu komai ake yin sa, wanda ma sauƙi ne ga mai laulayi da ke amai da ganin ruwa. A rufe ƙofa, a ba ta mayafi ta rufe daga ƙugu zuwa gwiwa. A sa wa kan na'urar sabuwar riga ta roba a gabanta, a kuma wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta tsakanin mace da mace, domin roba tana iya hujewa. Mace ma'aikaciya ta kasance a ɗakin. In ta fi so, ita da kanta za ta iya shigar da shi. In ta ce a dakata, a dakata. Yawancin mata matsi kawai suke ji, ba zafi ba. Duk wurin da ya kasa yin waɗannan ba shi da bakin zargin mata da duhun kai.

Kuma a'a ɗin mace a'a ce. Akwai wadda aka taɓa yi wa yankan gishiri, ko ta sha wuyar haihuwa ta samu tabo, ko aka taɓa cin zarafinta, ko jikinta kan ɗaure da kansa. Irin wannan idan ta ƙi, sai a yi mata na mara, a gaya mata gaskiyar abin da zai iya gani da wanda ba zai iya ba, a sa mata ranar dawowa kusa, a karanta mata alamun haɗari. Ƙin da aka yi bayan an fahimta daban yake da ƙin da aka yi a cikin duhu.

Kada kuma a fahimce ni da cewa hoton mara ba shi da amfani. Daga wajen mako goma zuwa sha biyu, da mahaifa ta taso, shi ne sarki, kuma da shi za a ci gaba har haihuwa. Mace mai manyan ƙullutun mahaifa ko ƙaton ƙari a ƙwai, wanda ya tura komai sama inda siririn amo ba ya kaiwa, na mara ya fi nuna faɗin wurin. Ƙwararru da yawa ma da shi suke farawa, su ƙare da na gaba, kowanne ya cike giɓin ɗan uwansa. Wadda kuma aka kawo a galabaice, na mara cikin minti ɗaya zai nuna jini ya cika ciki, daga nan sai tiyata. Haka nan mace mai lafiya da ba ta jin komai ba ta bukatar ta ruga hoto kwana biyu da ɓatan wata. Za ta sayo wa kanta fargaba ne kawai, domin a lokacin ko na gaban ba lallai ya ga komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 hoto ɗaya ta ba da shawarar a yi wa kowace mai ciki kafin mako 24, kuma wanda aka yi a ƙarshen wata na uku yana ba da lissafin ranar haihuwa mai kyau. Masu mayar da mace saniyar tatsa, hoto kowane mako babu dalili, su ma ba na tare da su.

Sai dai akwai waɗanda bai kamata su jira ciwo ba. Wadda ta taɓa yin ciki a wajen mahaifa, wadda aka taɓa yi wa aiki a hanyar ƙwai, wadda ta sha fama da ciwon sanyin da ya hau mara, wadda ciki ya shiga tana da robar tazarar haihuwa a mahaifa, duk su nemi a tabbatar da mazaunin cikin tun wajen mako shida zuwa bakwai. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ma ta faɗa wa mai hoto, domin wani lokaci ciki kan dasu a kan tabon ɗinkin, kuma hoton gaba ne ke nuna shi da wuri. Tare da haka, mata da yawa da abin ya same su ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan dalilai.

Kafin ki bar ɗakin hoto, 'yar uwa, ko kai da ka rako ta, a tambayi mai hoton da baki: an ga cikin a cikin mahaifa, ido da ido, ko zato ake yi? An ga zoben, ko ɗan tayin? Milimita nawa ne? An duba gefe da gefe, kuma akwai ruwa ko jini a bayan mahaifa? Idan amsar ita ce ba a gani ba, tambaya ta gaba ita ce ina ake yin na gaba, kuma yaushe za a dawo. Amsar a kwanaki take, ba a watanni ba. Idan an ce ciki ya lalace daga kallo ɗaya na kan mara, kuma jikinki da ƙarfi, jinin ba mai yawa ba ne, kada ki sha ƙwaya, kada ki hau gadon wanki, sai an sake dubawa ko wani ƙwararren ya tabbatar. A riƙe takardar farko a je da ita, domin da ita za a gwada a ga ko cikin ya ƙaru.

Wadda kuwa ta yi ɓatan wata, sannan ciwon mara ya tsananta, ko jiri ya kama ta, ko kafaɗa ta ɗau ciwo, ko tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari, ko ta suma ko da sau ɗaya ne ta farfaɗo, wannan ta wuce shagon hoto da kemis. A nemi mota a kai ta babban asibitin da ke da ɗakin tiyata da ma'ajiyar jini, ko da tsakar dare ne. A gaya wa na bakin ƙofa tun kafin ya tambaya cewa ta yi ɓatan wata, kada a ba ta abinci a hanya, kuma mutum biyu ko uku da za su iya ba da jini su bi motar.